Ruwan bilic da yis: me ya sa kwaɓin farko ba ya tashi?

"Assalamu alaikum. Ina da ƙaramin gidan burodi a Zariya, mukan kwaɓa buhu huɗu zuwa biyar a rana. Tun farkon damina, saboda maganar amai da gudawa da ake ta yi, na sa yara su riƙa wanke robobi da bahunan aiki da ruwan bilic na wanki duk dare bayan an tashi. Tun daga nan kwaɓin farko na asuba ya daina tashi yadda muka saba, wani lokacin sai ya ninka lokacinsa, burodin kuma ya fito da nauyi. Amma na biyu da na uku lafiya lau, alhali yis ɗin kwali ɗaya ne, fulawar ma ɗaya. Mukan jiƙa yis a roba da ruwan ɗumi kafin a zuba a injin. Mai kwaɓina ya ce ruwan famfo ne aka cika wa magani. Shin bilic yana kashe yis ne, ko laifin ruwan ne? In daina amfani da shi?"

Wa alaikumus salam Malam, Allah ya sa albarka a sana'a. Tambayarka biyu ce a haɗe: ko bilic guba ne ga yis, da kuma ko shi ne ya yi maka wannan ɓarna. Amsar ta farko ita ce e, guba ne, kuma mai saurin aiki. Ta biyun kuwa kai da kanka ka kusa amsa ta, a inda ka ce kwaɓin farko ne kaɗai ke ba ku matsala. Wannan jimla ta fi duk sauran bayanin da ka yi nauyi a wurina. Da ruwan famfo ne, ai da shi kuke yin na biyu da na uku, da su ma sun ƙi tashi. Abin da ya bambanta kwaɓin asuba da sauran shi ne shi ke fara shiga robar da aka wanke da dare. Da ya wuce, ya ɗauraye ta ke nan, na bayansa sai su tarar da wuri tas.

Mutane da dama kallon hoda suke yi wa yis, kamar gishiri ko bakar hoda. Halitta ce mai rai, dangin naman gwari, sunanta na kimiyya Saccharomyces cerevisiae. Kowace ɗaya ƙwaya guda ce tak, faɗinta tsakanin maikuromita 5 zuwa 10, wato sai ka jera ɗari ko fiye kafin su cika milimita 1. A giram guda na busasshen yis akwai biliyoyinsu, an busar da su har ruwan jikinsu ya koma wajen kashi 5 cikin 100, suna kwance kamar iri a rumbu. Da sun sami ruwa da sukari sai su farka, su ci sukarin, su fitar da iskar kabon dayoksaid da 'yar barasa. Iskar ce ke maƙalewa a cikin danƙon fulawa ta kumbura kwaɓi, barasar kuma ta ƙone ta tafi a tanda. Saboda haka duk lokacin da kwaɓi ya yi jinkiri, ɗayan biyu ne: ko ma'aikatan sun ragu, ko suna nan amma ba su da lafiya.

Shi kuma ruwan bilic, wanda aka fi kira da sunayen kamfanoni irin su Hypo da Jik, sinadarin sodiyam haifokulorait ne a cikin ruwa. Ana samunsa ne ta hanyar ratsa lantarki cikin ruwan gishiri, a fitar da iskar kulorin da soda, sannan a sake haɗa su. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram "jabel" suke ce masa, sunan kuwa ya samo asali daga Javel, wani wuri da a lokacin yake gefen Paris, inda aka fara yin irin wannan ruwa a 1789 bisa aikin masanin nan Berthollet. Masaƙu da kamfanonin takarda da hukumomin ruwa duk da shi ko da danginsa suke aiki. Na gida yakan kasance kashi 3 zuwa 6 cikin 100, kuma da yawa daga waɗanda ke kasuwarmu 3.5 aka rubuta a jikinsu.

Abin da ke faruwa a cikin ƙwayar

A cikin kwalba, bilic yana can ɓangaren kanwa sosai, ma'auninsa na pH, wato awon tsami da kanwa, ya haura 11. A wannan hali yawancin kulorin ɗin yana ɗauke da cajin lantarki, kuma abu mai caji ba ya ratsa fatar ƙwayar halitta da sauƙi, don fatar maiƙo ce. Amma da an tsarma shi da ruwa, musamman in ruwan ya karkata ɓangaren tsami, sai ya rikiɗa ya koma wani siffa da masana ke rubutawa HOCl. Wannan ba shi da caji, ƙarami ne, yana kutsawa cikin ƙwaya kamar yadda ruwa ke ratsa tsumma. A pH 7.5 siffofin biyu rabi da rabi suke, a ƙasa da 6 kuwa kusan duka HOCl ne, wanda ya ninka ɗan'uwansa ƙarfin kisa sau goma-goma. To shi yis tsami-tsami yake so, kuma da kansa yake tsamama ruwan da ke kewaye da shi da zarar ya fara aiki. Ka ga da hannunsa yake wasa wuƙar da za a yanka shi da ita.

In ya shiga, ba ya zaɓe, amma akwai abin da ya fi saurin kamawa: farar wuta, wato sulfa, da ke jikin wasu sassan furotin. Yawancin aikin da ake yi a cikin ƙwaya furotin ne ke yinsa, kowane da siffar da aka naɗe shi a kai, in siffar ta lalace aikin ya tsaya. Ɗaya daga cikin waɗanda ke sarrafa sukari, wanda ake kira GAPDH, yana da irin wannan sulfa daidai a bakin aikinsa, kuma an daɗe da sanin cewa yana cikin na farko-farkon da irin wannan guba ke durƙusarwa. Sarrafa sukari jerin matakai ne kamar masu miƙon bulo a wurin gini. In mutum ɗaya a tsakiyar layi ya zauna, na gaba ba abin da zai iso masa. Iskar da kake jira a ƙarshen layin take, shi ya sa ƙwaya tana iya zama da ranta amma ba ta ba ka ko kumfa.

A 2008 masu bincike a Jami'ar Michigan ta Amurka, ƙarƙashin Ursula Jakob, sun nuna a jikin bakteriya cewa HOCl yana warware naɗin furotin har su cure su dunƙule, kwatankwacin abin da zafi ke yi wa farin ƙwai. Ba a mayar da dafaffen ƙwai ɗanye. Bayan wannan, yana taɓa famfunan da ke jikin fatar ƙwayar, waɗanda ke daidaita shige da ficen abinci da gishiri, yana kuma haɗuwa da sinadaran naitirojin ya haifar da wasu 'ya'ya da ake kira kuloramin, waɗanda ba su kai shi zafi ba amma sun fi shi daɗewa suna ɓarna. Wani abin sha'awa a gefe: fararen ƙwayoyin jininmu ma wannan HOCl ɗin suke haɗawa su kashe ƙwayar cuta da naman gwari in sun cafke su. Abin da yaranka ke zubawa a roba, jikinka ya riga kamfani sanin amfaninsa.

Yis ba ya tsayawa a kashe shi haka kawai. Yana da wani sinadari mai suna gulutatayon, shi ma mai sulfa, wanda yakan kai kusan kashi 1 cikin 100 na busasshen nauyinsa. Aikinsa ya tare gubar ya sha dukan a madadin furotin, sannan ƙwayar ta kashe ƙarfi ta gyara shi ya koma fage. In gubar kaɗan ce, wannan garkuwa tana isa, illa dai ƙarfin da ya kamata ya tafi wajen kumbura maka kwaɓi ya tafi wajen gyara, sai ka ga jinkiri. In ta fi haka, garkuwar ta ƙare, wasu ƙwayoyin su mutu a hankali cikin sa'o'i. In ta yi yawa sosai, fatar ce ke ɓulewa nan take. Masana suna yawan gwada guba a kan yis don ganin irin wannan hawa-hawa. Tsarin ƙwayarsa ya yi kama da na ƙwayar jikin mutum fiye da na bakteriya, a 1996 aka gama karanta kundin gadonsa mai ƙwayoyin gado kusan 6,000, kuma in yanayi ya yi masa daɗi yakan ninka yawansa cikin minti 90, don haka ba a daɗe ana jiran sakamako.

Lissafin da ya wanke ruwan famfo

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa miligiram 5 a lita a matsayin iyakar kulorin a ruwan sha, kuma abin da ake so ya iso bakin famfo bai wuce 0.2 zuwa 0.5 ba. Bilic mai kashi 3.5 yana ɗauke da wajen miligiram 35,000 a lita. Yanzu ɗauka yaro ya tsiyaya shi tsagwaronsa a roba, ya juya, ya zubar, bai ɗauraye ba, cokali biyu suka taru a gindi, wato mililita 30. Da asuba aka zuba lita 2 na ruwan ɗumi don jiƙa yis. Wannan ruwa yanzu yana da sama da miligiram 500 a lita. Ya ninka ruwan famfo sau dubu, ya kuma ninka fiye da sau biyu ƙarfin da ake amfani da shi da gangan don kashe ƙwayoyin cuta a kan teburin abinci, wanda ba ya wuce 200. Ko rubu'in wannan ya rage, ya isa a ji a jikin kwaɓi.

Sannan lokacin da abin ke same shi shi ne mafi muni. Busasshiyar ƙwaya fatarta a tsattsage take, sai ta sha ruwa na 'yan mintuna kafin ta haɗe ta koma shinge. A cikin mintunan nan abin ciki yana zubowa waje, na waje yana shiga ciki ba mai tsaro, ƙwayar kuma ba ta gama farkawa ba balle ta gyara garkuwarta. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, a nan kuwa bangon ne gaba ɗaya a tsage.

Me ya sa to kwaɓin ke tashi daga baya, bai mutu murus ba? Saboda kulorin ƙarewa yake yi. Duk abin da ya ƙona ya cinye wani ɓangare nasa. Yis ɗin da ya fara faɗawa ruwan shi ke shanye mafi yawan dukan, wanda aka zuba a kansa ya tarar gubar ta yi sauƙi. Sai ka wayi gari da rabin ma'aikata, wasu ma jinyar kansu suke yi. Wannan dalilin ne kuma ya sa ɗan kulorin na famfo ba ya damun mai burodi: da ruwan ya haɗu da buhun fulawa mai kilo 50, furotin ɗin fulawar ya lashe shi kafin ya kai ga yis. Mai kwaɓinka zai iya yin gaskiya a hali ɗaya kawai, in an zuba garin kulorin a tankinku ko rijiyarku, irin farin garin nan mai ƙarfin kashi 65 zuwa 70 da ake rabawa lokacin kwalara. Shi kam in aka zuba da ka, ba awo, yana iya kai ruwa inda zai taɓa yis. Tambayi ko an yi hakan. Amma ko a nan, da ka ga matsalar a duk kwaɓin ranar.

Na taɓa zuwa wani gidan burodi da irin wannan ƙorafi, har mai gidan ya mayar wa dila kwalayen yis yana cewa jabu aka kawo masa. Na ɗebi ruwan jiƙon farko da na biyu a kwalabe na kai ɗakin gwaji. Akwai wani shuɗin rini da muke ɗigawa, metilin bulu: ƙwaya mai rai tana kashe launinsa ta fito fara sol, matacciya kuwa sai ta rine. A ƙarƙashin madubin ƙara girma, jiƙo na biyu ya fito kamar an watsa farin wake a faranti, wasu har da ɗan toho a gefe. Na farko kuwa dabbare-dabbare, shuɗi ko'ina, waɗansu sun motse. Washegari na sammaka na kama robar kafin a taɓa ta. A ɗan lungun da ke zagaye gindinta akwai ruwa kwance, na sa yatsa na ji santsi irin na sabulu. Yaron da ke wankin ba ganganci ya yi ba, shi a tunaninsa ɗauraya tana wanke maganin ne ta ɓata aikin, don haka yake barinsa ya kwana. Daga ranar nake fara tambayar wa ke wanki, kafin in tambayi wane yis ake saye.

Ban ga gidan burodinka ba, don haka kada ka ɗauki wannan a matsayin hukunci. Akwai wani wanda ake zargi da ke zuwa daidai wannan lokaci, wato sanyi. Da asubar damina fulawa da injin da ɗakin duk a sanyaye suke, kafin kwaɓi na biyu tanda ta ɗumama wurin. Akwai kuma akasinsa: mai gudun sanyi ya zafafa ruwan jiƙo fiye da kima. Yis yana son digiri 35 zuwa 40 wajen jiƙo, in an doshi 55 zuwa 60 mutuwa yake yi. Wanda ruwan zafi ya kashe yakan zubar da gulutatayon ɗinsa a cikin kwaɓi, shi kuma yana sassauta danƙon fulawa, sai kwaɓin ya saki ya riƙa kama hannu. In kana ganin haka, sa ido a kan tukunyar ruwan.

Gwajin da zai raba gardama ba ya cin kuɗi. Gobe a jiƙa yis ɗin farko a sabuwar roba wadda bilic bai taɓa shiga ba, komai kuma a bar shi yadda yake. In kana son gani da ido, samo gorunan ruwa huɗu da balan-balan huɗu. Kowace gora a sa mata ƙaramin cokali na sukari, rabin cokali na yis, da rabin kofi zuwa kofi na ruwa, daidai wa daida. Ta farko ruwan da aka tafasa ya huce zuwa ɗumi, ta biyu ruwan tankinku mai ɗumi, ta uku ruwan ɗumi da aka juya a cikin robar da ta kwana da wanki, ta huɗu irin na farko amma mai sanyi. Ɗaura balan-balan a baki, ka duba bayan rabin awa da kuma bayan awa guda. Ka sani dai gwajin gora yana kambama illar kulorin, don yis kaɗan ne cikin ruwa mai yawa kuma ba fulawa, saboda haka in ta biyu ta ɗan yi baya kaɗan ba abin tashin hankali ba ne. Ta uku ce abin kallo. Masu sayar da kayan gwajin ruwa kuma suna da wata ƙwaya mai suna DPD, wadda ke mayar da ruwa ruwan hoda in akwai kulorin, gwargwadon yawansa gwargwadon kaurin launin.

Shin ka daina?

A'a. Niyyarka mai kyau ce, wurin da aka sa ƙarfin ne bai dace ba. Cikin burodi yakan kai wajen digiri 95 a tanda, ƙwayar kwalara ba ta tsallake wannan. Haɗarin gidan burodi yana bayan an fito da shi: hannun mai ɗauka, teburin da ake shanyawa, wuƙar yanka, wurin sa leda, da bayan gida. Can ya kamata bilic ya tafi. Robar jiƙa yis kuwa ware ta, ka yi mata alama, sabulu da ruwan zafi sun ishe ta.

Sauran kayan a fara wanke su da sabulu a kankare busasshen kwaɓi, don bilic da aka zuba a kan datti dattin yake ci, ya bar ƙwayar cutar da ke ƙarƙashi. A ɗauraye, sannan a sa tsarmammen bilic: mililita 60 na mai kashi 3.5 a jarka mai lita 20 yana ba da wajen miligiram 100 a lita. A yanka wata 'yar roba daidai wannan awo a rataye ta kusa da jarkar, kada a bar wa yaro ƙiyasi. A bar shi ya yi 'yan mintuna, a ɗauraye da ruwa mai tsabta, a kife kayan su tsane. Kifewar nan ita kaɗai da ta hana abin da na gani a waccan roba. A haɗa sabo kullum, kwalbar kuma a ɓoye ta daga rana da zafin tanda, don ƙarfinsa raguwa yake yi. Kada a bar shi ya kwana a kwanon injin, yana cin ƙarfe ya bar ƙananan ramuka, ko da irin ƙarfen nan ne da ba ya tsatsa, alminiyam kuwa ya fi shan wahala. In kuna da teburin katako ko akushin kwaɓi, katako yana shan ruwan ya riƙe, kuma haɗuwar kulorin da wasu sinadaran katako tana haifar da warin nan irin na asibiti, wanda harshe ke kamawa ko ɗan mitsitsi ne. Ka kuma ja wa yaran kunne da babbar murya: ba a haɗa bilic da ruwan tsami, ko lemun tsami, ko maganin wanke masai. Iskar kulorin ce ke tashi, a ɗaki rufaffe tana iya kwantar da mutum a asibiti.

Duba kuma kwalin yis ɗinka. In irin mai laushin nan ne da ake kira instan, ba ya buƙatar jiƙo sam, an yi shi ne don a barbaɗa a cikin fulawa a juya kafin ruwa ya shiga. Da yawa daga masu kwaɓi sun gaji jiƙon ne daga zamanin mai manyan ƙwayoyi, wanda shi dole a jiƙa shi. Barbaɗawar tana sa fulawa ta zama katanga tsakaninsa da duk abin da ke cikin ruwan. A kiyaye dai kada ruwan ƙanƙara ya sauka a kansa kai tsaye, a bari kwaɓin ya fara haɗuwa.

In gwaji ya nuna tankin ne aka cika wa magani, ɗebi ruwan kwaɓi a buɗaɗɗen durom ya kwana, ko ya sha rana, kulorin zai ragu. In ana sauri, bitamin C yana kashe shi nan take, kimanin kashi biyu da rabi nasa ga kashi ɗaya na kulorin. Durom mai lita 200 da ke da miligiram 1 a lita yana buƙatar wajen miligiram 500, wato farar ƙwaya biyar mai miligiram 100, a daka a zuba a motsa. Ba baƙo ba ne a burodi, yana cikin yawancin hodar inganta kwaɓi da kuke saye. Sai dai ruwan da aka cire wa kulorin ba shi da sauran kariya, na kwaɓin ranar ne kawai, ba na sha ko wanke hannu ba.

Yi gwajin sabuwar robar kwana uku a jere, ka sa a rubuta lokacin da kwaɓin farko ya ɗauka kafin ya cika gwangwani, da na biyu. In tazarar ta rufe, ka sami ɓarawonka. In ba ta rufe ba, turo mini lokutan tare da nawa kuke sa na sukari da gishiri da maganin hana fumfuna a buhu, don shi ma maganin fumfunar yana rage wa yis gudu in hannu ya yi nauyi.